Tambayoyinku da Amsoshinsu: Horon Motsi da Wasa ga Masu Naƙasa Mai Tsanani

Wasiƙun da muka zaɓa a wannan fitowa sun taru a kan magana guda, wato yadda za a horar da mutumin da naƙasarsa ta yi tsanani har ya dogara da wasu a zamansa da tashinsa, domin ya yi amfani da ɗan motsin da yake da shi, ya kuma samu rabonsa na wasa da nishaɗi. Mun taƙaita wasu daga cikin wasiƙun, mun kuma sakaya sunayen masu su.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ɗana yana da shekara 9, kuma tun yana jariri likitoci suka ce yana da lalurar nan ta raunin ƙwaƙwalwa da ke shanye gaɓoɓi. Ba ya zama da kansa, ba ya riƙe wuyansa sai na ɗan lokaci, hannayensa kuma kullum a dunƙule suke. Safe da yamma ina miƙe masa hannuwa da ƙafafu kamar yadda likitan gashi ya nuna mini, amma ga shi an shekara biyar ban ga ya taka ba. Wasu suna cewa wahalar da shi kawai nake yi. Shin in ci gaba ne, ko in haƙura in bar shi ya huta? Daga wata uwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya saka miki da alheri a kan wannan ɗawainiya, ya kuma ƙara masa lafiya. Kada ki daina, amma ina ganin lokaci ya yi da za ki sauya ma'aunin da kike auna aikinki da shi, domin idan takawa ce kaɗai nasara a wurinki, za ki wayi gari kullum kina ganin kin faɗi, alhali kuwa akwai abubuwa da yawa da yaron zai iya koya waɗanda ba takawa ba.

Masu gashi suna da wani ma'auni da masana a ƙasar Kanada suka fitar a shekarar 1997, wanda ya kasa yara masu wannan lalura mataki biyar gwargwadon motsinsu. Yaron mataki na ɗaya yana tafiya ba tare da taimako ba, na biyar kuwa sai an tura shi a keke, kuma riƙe kai da gangar jiki yana yi masa wuya. Ban ga ɗanki ba, saboda haka likitansa ne zai faɗi matakinsa, amma siffar da kika bayar ta fi kama da matakan ƙarshe. Abin da aka lura da shi shi ne yawancin yara suna zama a matakin da aka same su, kuma mafi yawan ci gaban manyan motsi, irin su zama da rarrafe da tsayuwa, yana faruwa ne a shekarun farko na rayuwa. Na faɗi wannan ne domin ki sauke wa kanki laifin da ba naki ba. Rashin takawarsa ba sakacinki ba ne.

Akwai bambanci babba tsakanin a motsa mutum da mutum ya motsa. Miƙe gaɓoɓin da kike yi yana da wurinsa, kuma ki ci gaba da shi yadda aka nuna miki, a hankali, ba tare da dannawa da ƙarfi ba, saboda ƙashin yaron da ba ya tsayuwa ba shi da ƙwari kuma yana iya karyewa da abin da bai taka kara ya karya ba. Sai dai a lokacin miƙewar ke ce mai aiki, shi kuwa yana kwance ana yi masa. Ƙwaƙwalwa tana koyon motsi ne idan mai ita ya yi niyyar kaiwa ga wani abu, ya gwada, ya kuskure, ya sake gwadawa, har ya ga sakamakon ƙoƙarinsa. A nan ne wasa ya fi kowane atisaye amfani, domin yaro ba zai ɗaga hannu sau ashirin don an ce ya ɗaga ba, amma zai ɗaga shi sau hamsin idan kowace ɗagawa tana sa ƙararrawa ta yi ƙara.

Ki fara da zama. Yaron da yake kokawa da wuyansa da bayansa ba shi da sauran ƙarfin da zai ba hannunsa, don haka ki tallafe ƙugunsa da ƙirjinsa da matasai ko kujerar da ta dace da shi, tafin ƙafafunsa su dafa wani abu, kansa ya daidaita yana kallon gaba. Bayan nan sai ki rataye ƙwallo mai sauƙi, wadda aka sa wa ƙararrawa, daidai inda bayan hannunsa zai iya taɓa ta. Hannun da yake dunƙule yana iya tura ƙwallo, ba sai ya buɗe ba. Ki nuna masa sau ɗaya ko biyu, sannan ki yi abin da ya fi komai wuya ga uwa, wato ki janye hannunki ki jira. Ki ƙirga goma a zuci kafin ki taimaka. Saƙon da yake fita daga ƙwaƙwalwarsa zuwa hannunsa yana ɗaukar lokaci, kuma sau da yawa mu masu lafiya muna yi wa irin waɗannan yara aikin tun kafin saƙon ya isa, sai mu ce ba su iya ba, su kuma su koyi cewa ƙoƙari ba shi da amfani tunda za a yi musu.

Idan ya kasa, taimako ma hawa-hawa ne. Da farko ki ɗora hannunki a kan nasa ku tura tare. Idan an kwana biyu ki koma riƙe wuyan hannu, daga nan gwiwar hannu, daga nan ɗan taɓa kafaɗa, har ya rage kalma kawai ce za ki faɗa. Akwai kuma dabarar da nake matuƙar so, wadda ake fara koyarwa daga ƙarshen aiki: ki kai hannunsa dab da ƙwallon, ki bar masa ɗan tazarar da ta rage ya ƙarasa da kansa, ta yadda shi ne zai sa ƙararrawar ta yi ƙara. Idan ya ƙware sai ki ƙara tazarar. Da wannan, kowane zama yana ƙarewa da nasarar da take tasa ce ta gaskiya.

Ki ajiye ɗan littafi kina rubuta abin da kika gani da alƙaluma, misali daƙiƙa nawa ya riƙe kansa yau, sau nawa ya taɓa ƙwallon cikin gwaji goma, da irin taimakon da kika ba shi. Ci gaban irin wannan yaro ba ya ganuwa ga mai kallonsa kullum, amma idan kika buɗe shafin wata uku da suka wuce za ki gan shi a rubuce. Abu na ƙarshe, ki roƙi likitansa a riƙa ɗaukar hoton ƙugunsa lokaci-lokaci, domin gocewar ƙashin kwatangwalo ta yi yawa a tsakanin yaran da ba sa tafiya, tana kuma farawa ba tare da wata alama ba. Idan kika ga yana kuka duk lokacin da aka buɗe cinyoyinsa wajen wanka ko sauya tufafi, kada ki jinkirta.

Tambaya: Malam, ni malami ne a makarantar masu buƙata ta musamman, kuma a ajina akwai ɗalibai bakwai masu shekara 12 zuwa 17 waɗanda naƙasarsu ta haɗa jiki da fahimta. Duk ranar wasanni sai a jera su a inuwa su yi kallo. Abin yana damuna, amma ban san wasan da zai karɓe su ba, tunda wasunsu ko ƙwallo ba sa iya riƙewa. Daga wani malamin makaranta.

Amsa: Malam, damuwarka tana kan hanya, kuma kana da hujjar da za ka kai wa hukumar makarantarku. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙoƙin naƙasassu, wadda aka amince da ita a watan Disamba na 2006 ta fara aiki a 2008, ta keɓe sashe na 30 ga shiga harkokin al'adu da nishaɗi da wasanni, ta kuma ambaci wasannin makaranta ƙarara. Kallo daga inuwa ba shiga ba ne.

Tarihin wasannin naƙasassu ma ya nuna cewa duk lokacin da aka ce wani rukuni ba zai iya ba, wasan ne ake gyarawa. A shekarar 1948 likita Ludwig Guttmann ya shirya gasar harbin kibiya ga mutum 16 masu raunin laka a asibitin Stoke Mandeville da ke Ingila, abin da ya girma har ya zama gasar Faralimfik, wato Olamfik ta naƙasassu, ta farko a birnin Rum a 1960. A 1968 kuma Eunice Kennedy Shriver ta jagoranci gasar farko ta Special Olympics a birnin Shikago na Amurka domin masu naƙasar fahimta. Ƙungiyar Special Olympics ɗin ita ce daga baya ta fito da wani shiri na horon motsi musamman domin irin ɗalibanka, waɗanda ba za su iya bin dokokin wasannin da aka saba ba. Shirin ya karkasa horon zuwa motsa jiki daga wuri zuwa wuri, da sarrafa abu da hannu, da bugu da hannu, da shuri da ƙafa, da tuƙa keken hannu, da tuƙa keken lantarki, da wasan ruwa. Bayan makonni ana horo sai a sa rana, a tara iyaye da jama'a, kowane ɗalibi ya nuna iyakar abin da ya kai. Ba a gwada shi da kowa, da kansa na jiya ake gwada shi. Wannan tsari kana iya ɗaukarsa ko da ba ka da alaƙa da ƙungiyar.

Idan kuma gasa ta sosai kake so, mai ci da wanda aka ci, to ga wasan bociya, wanda ya shiga Faralimfik a 1984, kuma asalinsa domin masu irin lalurar da ke shanye gaɓoɓi aka tsara shi. Ana yin sa a zaune, a fili mai santsi mai tsawon mita 12 da rabi da faɗin mita 6. Ana jefa farar ƙwallo guda, sannan ɓangare ɗaya yana da jajayen ƙwallaye shida, ɗayan yana da shuɗɗa shida, kowa yana neman tasa ta fi kusa da farar. An yarda a jefa da hannu ko a tura da ƙafa. Wanda ba ya iya ko ɗaya kuwa yana amfani da wata doguwar magangara mai kama da indararo, ya saki ƙwallon daga samanta da yatsa, ko da ɗan sandan da aka ɗaura masa a goshi ko ya riƙe a baki. Yana da mataimaki mai juya masa magangarar, amma doka ta wajabta wa mataimakin ya ba fili baya, kada ya waiwaya, ya bi umarnin ɗan wasa kawai. Wannan doka ita ce ta fi burge ni a wasan gaba ɗaya, domin ta raba aikin hannu da aikin tunani, ta bar wa ɗan wasan shawara. Da bututun roba da aka tsaga biyu da ƙwallaye masu ɗan nauyi da ba sa tsalle, kana iya farawa a cikin aji.

Zan ja hankalinka a kan abu biyu. Na farko, kayan wasan su dace da shekarun ɗalibi. Saurayi ɗan shekara 17 ba a ba shi abin wasan jarirai don kawai fahimtarsa ta yi ƙasa. A ba shi ƙwallon kwando ta gaskiya ko da turo ta kawai zai yi daga cinyarsa ta faɗa kwandon da aka ajiye a ƙasa. Na biyu, idan akwai mai lalurar Down a cikinsu, wato lalurar da ake haifar mutum da ita mai rage fahimta, likita ya duba wuyansa kafin a sa shi wasan da ya ƙunshi wuntsila gudidi ko buga ƙwallo da ka ko tsunduma ruwa ta ka, domin wasunsu suna da sassauci a tsakanin ƙasusuwa biyu na saman wuya, abin da zai iya danne laka.

Tambaya: Malam, an ba mu shawarar mu riƙa sa ƙanwata a ruwa saboda sandarewar jikinta, amma tana da farfaɗiya. Shin babu haɗari? Daga wata yaya.

Amsa: Haɗarin yana nan, 'yar'uwa, amma farfaɗiya ita kaɗai ba ta haramta ruwa. Sharaɗi shi ne likitanta ya amince, ya zama tana shan maganinta a kan kari, kuma a samu babban mutum a cikin ruwan tare da ita, inda hannunsa zai kai gare ta a kowane lokaci. Idan farfaɗiyar ta tashi mata a cikin ruwa, a tallafe kanta fuskarta ta kasance a sama, a fitar da ita da zarar jijjigar ta lafa, a kwantar da ita a gefenta, sannan a kai ta asibiti ko da ta farfaɗo sarai, saboda mai yiwuwa ruwa ya shiga huhunta. Idan tana yawan ƙwarewa wajen haɗiya, ko tana da buɗaɗɗen gyambo, a faɗa wa likitan tun farko.

Amfanin kuwa ba kaɗan ba ne. Idan ruwa ya kai wa mutum wuya, abin da ƙafafunsa suke ɗauka na nauyinsa bai wuce kimanin kashi 10 cikin 100 ba, ruwa mai ɗumi kuma yana sassauta tsokar da ta sandare, mai sanyi yana ƙara ɗaure ta. Akwai hanyar koyar da iyo mai suna Halliwick da James McMillan ya fara a Landan a 1949, wadda ba ta dogara da robar iyo, sai hannun mai koyarwa da ake ragewa sannu a hankali. Darasinta na farko shi ne hura iska a ruwa duk lokacin da ya taɓa baki, sai kuma koyon juyowa rigingine, tun kafin a yi maganar iyo.

Tambaya: Malam, yayana ɗan shekara 34 ya samu rauni a laka daidai wuya sakamakon haɗarin mota shekara biyu da suka wuce. Yana motsa kafaɗunsa da gwiwar hannunsa, amma yatsunsa ba sa riƙo. Yana son ya koma motsa jiki, mu kuma tsoro muke ji. Nawa ne ya ishe shi, kuma me za mu kiyaye? Daga wani ƙane.

Amsa: Ɗan'uwa, tunda shi ne ya nema, an riga an ci rabin aikin, kada tsoronku ya kashe masa gwiwa. A shekarar 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin motsa jiki da suka haɗa da naƙasassu, inda ta ba manya shawarar minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, da ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu, tare da jaddada cewa kaɗan ya fi babu kuma a fara daga ƙasa. Ga masu raunin laka musamman, masana sun nuna cewa minti 20 sau biyu a mako, haɗe da atisayen ƙarfi sau biyu, yana ƙara ƙarfin zuciya da na tsoka. Rashin riƙo ba cikas ba ne, domin ana ɗaura robar ja ko ɗan nauyi a wuyan hannu, ana kuma ɗaure hannu a kan fedar keken da ake juyawa da hannu, ko a kan faifan ƙwallon tebur. A kula da kafaɗunsa ƙwarai, tunda yanzu su ne ƙafafunsa. Ciwon da ya kwana ya wuni alama ce ta a rage.

Abin da nake so kowa a gidan ya haddace shi ne wata larura ta gaggawa da take samun wanda rauninsa yake daga ƙashin baya na shida na ƙirji zuwa sama, kuma yayanku yana cikinsu. Idan wani abu ya takura jiki a ƙasan raunin, inda ba ya ji, hawan jininsa yana iya tashi farat ɗaya. Alamominta su ne ciwon kai mai sara, da gumi da jan fata a fuska da wuya, da toshewar hanci, wani lokaci da raguwar bugun zuciya. Mafi yawan abin da yake jawo ta shi ne cikar mafitsara ko lanƙwashewar robar fitsari, sai taurin bayan gida, sai matsattsen tufafi ko takalmi. Idan ta faru a zaunar da shi bayansa a miƙe, kada a kwantar da shi, a sassauta duk abin da ya matse shi, a duba robar fitsarin, idan kuma bai lafa nan take ba a garzaya asibiti. Saboda haka a zubar da fitsari kafin kowane horo. Jikinsa kuma ba ya gumi yadda ya kamata a ƙasan raunin, don haka a guji horo cikin zafi, a riƙa fesa masa ruwa a fuska da wuya. A cikin keke ya riƙa sauke nauyi daga mazaunansa ta hanyar karkata gaba ko gefe duk bayan minti 15 zuwa 30, a kuma duba fatarsa bayan an gama. Jan tabon da bai washe ba bayan rabin awa farkon gyambo ne, kada a sake zaunar da shi a kansa sai ya ɓace.

Tambaya: Malam, 'yata ba ta magana kuma ba ta nuni da hannu. Yaya zan gane ko tana jin daɗin wasan da nake yi da ita, ko haƙuri kawai take yi da ni? Daga wani uba.

Amsa: Alhaji, wannan tambaya ta fi sauran wuya, kuma da yawa daga cikin masu horarwa ba sa tsayawa su yi wa kansu ita. Hanyar da na fi amincewa da ita ita ce katse wasan a tsakiyarsa. Idan kana lilo da ita, ko kana gangaro mata ƙwallo a kan tebur, sai ka tsaya cak lokacin da abin ya yi daɗi, ka yi shiru kana kallonta. Idan ta juyo da ido gare ka, ko ta motsa kafaɗa, ko ta yi wani sauti, ko numfashinta ya sauya, ka ɗauki wannan a matsayin ta ce a ƙara, ka ce mata ka ji, sannan ka ci gaba nan take. Idan ka dawwama a kan haka za ta gane cewa wannan motsin nata yana juya ka, kuma za ta fara yin sa da gangan. Daga nan sai ka riƙa ɗaga mata abu biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, ka ba ta wanda ta kalla ko da kana zaton ba shi take so ba, ka kuma riƙa sauya musu gefe domin ka tabbata abin take zaɓa ba gefen ba.

Alamun ƙi su ma ka girmama su kamar yadda ka girmama na so. Kawar da kai, da rufe ido, da banƙarewa, da cije baki, duk suna iya zama gajiya ko ciwo, kuma idan ta ga kana dainawa idan ta nuna ƙi, za ta fi yarda da kai a zama na gaba. Sai dai sandarewa ba kullum ƙi ba ce, domin wasu yaran murna ma tana sandarar da su, don haka ka tambayi mahaifiyarta da duk mai kula da ita yadda kowannensu yake karanta ta, ku rubuta abin da kuka yi ittifaƙi a kansa a takarda guda, ku ba malaminta da likitan gashinta. Minti goma zuwa goma sha biyar sun isa zama ɗaya, a lokacin da ta yi barci ta ƙoshi, kuma ka riƙa fara wasan da alama guda da ba ta sauyawa, kamar taɓa mata ƙwallon a tafin hannu, domin ta san abin da yake tafe kafin a ɗaga ta.